FARANSA: Wa ke da ikon dogon zama, kuma bisa wane sharaɗi?

Ranar 2 ga watan Janairu na shekarar 2024 gwamnatin Faransa ta bayyana rufe ofishin jakadancinta da ke Yamai, kwanaki kaɗan bayan tashin sojanta na ƙarshe daga Nijar. Dama tun watan Agusta na 2023 aka daina ba da biza a can, har ga ɗaliban da jami'o'i suka riga suka aiko wa takardar karɓa. Sanarwar ta ce ofisoshin konsila na Faransa da ke sauran ƙasashen yankin za su ɗauki aikin. Ma'anar wannan ga mutumin Tawa ko Damagaram ita ce, kafin ya yi tunanin jirgin Paris sai ya fara da wata tafiya ta ƙetare iyaka, da kuɗin mota da na masauki, domin kawai ya miƙa dosiye ya ɗora yatsunsa goma bisa na'ura.

Wahala ta ƙaru, amma buƙata ba ta kau ba. Akwai uban da ɗansa ya ci bak yana son karatun likita ko injiniya, akwai ma'aikacin gwamnati mai neman ƙarin horo, akwai ɗan kasuwar da ke da abokan hulɗa a Marsai ko Liyon, akwai matar da mijinta ya yi shekaru yana aiki a can tana jiran ranar da zai kira ta. Mafi yawan asarar da irin waɗannan mutane ke tafkawa daga wuri guda take fitowa: rashin bambance izinin shiga ƙasa da izinin zama cikinta. Dokar Faransa ta raba su, kowane da ofishinsa, da sharuɗɗansa, da kuɗinsa.

Yadda ƙofar ta riƙa tsukewa

Tsofaffin ma'aikata suna iya tuna zamanin da ɗan Nijar ba ya buƙatar biza domin shiga Faransa. Bayan ƴancin kai na 1960 yarjejeniyoyin da aka ƙulla sun bar hanya a buɗe tsakanin Faransa da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, masana'antunta kuma na neman hannu. A watan Yuli na 1974, bayan tashin farashin man fetur, gwamnatin shugaba Jiskar Destan ta dakatar da shigo da ƴan ƙwadago daga waje, kuma daga wannan lokaci aka fara tilasta wa ƴan Afirka baƙar fata mallakar takardar zama, wato kart da sejur. A 1984, zamanin Miteran, majalisar dokoki ta ƙirƙiro kartin shekara 10 mai haɗe da izinin aiki, wanda har yau shi ne burin duk baƙon da ya zauna a can.

Bizar kanta a watan Satumba na 1986 ta zo. Bama-bamai sun tashi a birnin Paris, sai faraminista Jak Shirak ya wajabta biza ga kusan dukan baƙi, ban da ƴan ƙasashen kasuwar Turai da Suwis. An ce mataki ne na wucin gadi. Daga baya an ɗage shi ga Amurka da Kanada da Japan, amma ga Afirka ya zauna daram. Wata guda bayan haka ministan cikin gida Sharl Paskwa ya cika jirgi da ƴan Mali 101 ya maida su Bamako, lamarin da ya girgiza Afirka ta Yamma. Paskwa ɗin nan ne ya dawo kan kujerarsa a 1993 da wata doka mai tsauri wadda za a ga tasirinta a kan iyali nan gaba. A wannan shekarar kuma aka gyara dokar zama ɗan ƙasa: a da, ɗan da aka haifa a Faransa wanda ubansa ko uwarsa aka haifa a Nijar kafin ƴancin kai, Bafaranshe ne tun ranar haihuwa. An soke wannan ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1994. Kwana goma sha ɗaya bayan haka darajar sefa ta karye da rabi, tikitin jirgi da hayar ɗaki suka ninka ga mai albashin Yamai.

Cikin wannan yanayi ne Nijar da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga da zaman jama'a, ranar 24 ga Yuni 1994. A watan Maris na 1995 kuma tsarin Shengen ya fara aiki, wanda ya kai ƙasashe 29 a 2025.

Kwana 90, ba ƙari

Bizar da akasarin matafiya suka sani ita ce gajera, ta Shengen. Tana ba da ikon zama na kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma lissafin baya ake yi daga ranar da mutum yake. Ɗan kasuwar da ya shiga ranar 1 ga Maris ya zauna har 29 ga Mayu ya cinye rabonsa, ba shi da ikon komawa sai ƙarshen Agusta, ko da kuwa bizar da ke cikin paspor ɗinsa ta shekara biyar ce. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Bizar yawan zuwa, wadda ake ba amintattun matafiya daga shekara 1 zuwa 5, tana sauƙaƙa shiga da fita ne kawai, ba ta ƙara ko kwana guda bisa 90 ɗin nan. Da can hatimin ƴan sandan filin jirgi ake ƙirgawa, wani lokaci ma ba ya karantuwa. Daga 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen Shengen sun fara aiki da wani tsarin kwamfuta mai rubuta shiga da fitar kowane baƙo tare da hotonsa da zanen yatsunsa, saboda haka kuskuren lissafi ba ya ɓuya.

Tun watan Yuni na 2024 kuɗin wannan biza yuro 90 ne, kimanin jika 59, kuma ba a maida shi in an hana. Ana neman paspor da zai ƙara wata uku aƙalla bayan ranar dawowa, da asirans na lafiya mai ɗaukar yuro 30,000, da shaidar masauki. In ɗan'uwa ne zai saukar da baƙo, sai ya je meri ta garinsu ya yanki takardar saukar baƙo, ya nuna girman gidansa da abin da yake samu. Ma'aunin guziri da aka daɗe ana aiki da shi kuwa ya danganta da masauki: yuro 32.50 a yini ga mai wannan takarda, 65 ga mai ajiyar ɗaki a otel, 120 ga wanda ba shi da ko ɗaya.

To amma tambayar da ke zuciyar ma'aikacin konsila guda ce: wannan mutum zai koma gida? A nan ma'aikacin gwamnati ya fi Alhaji sauƙi, ko da albashinsa bai kai ribar Alhajin ta mako guda ba. Shi yana da takardar aiki, da takardun albashi na wata-wata, da izinin hutu ko takardar aike mai hatimin minista. Shi kuwa babban ɗan kasuwar Maraɗi, dukiyarsa na cikin sito, da garke, da bashin da ke hannun abokan ciniki daga Jibiya har Kano. Kowa a kasuwa ya san nauyinsa, amma konsila takardun banki take karantawa, da rajistar kasuwanci, da shaidar biyan haraji. Wanda ya zuba miliyoyi cikin asusu mako guda kafin ya kai dosiye, ya ƙara wa kansa zargi ne kawai, domin motsin kuɗi na watanni ake dubawa.

Abu mafi muhimmanci shi ne, in ban da ƴan keɓantattun halaye, gajerar biza ba ta rikiɗa ta zama takardar zama. Wanda ya shiga da ita da niyyar ya gyara takardu a can, ofishin prefe zai ce masa ya koma inda ya fito ya nemi doguwar biza.

Doguwar biza: kowa da ƙofarsa

Duk mai son wuce wata uku, doguwar biza zai nema tun daga ƙasar da yake zaune. A 2025 kuɗinta yuro 99 ne, kusan jika 65. Tun 2009 mafi yawan irin wannan biza na tsayawa a matsayin takardar zama har tsawon shekara guda, da sharaɗin mai ita ya tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da isarsa, ya biya kuɗin tambur. Wanda ya manta da wannan ɗan aiki, bayan wata uku ya zama marar takarda alhali biza na cikin aljihunsa. Kuma ba a ba da doguwar biza haka kawai don mutum na sha'awar zama. Dole ya shiga ɗaya daga cikin rukunonin da doka ta zana.

Rukunin da ya fi shafar gidajen ma'aikata shi ne na ɗalibai. Ana buƙatar takardar karɓa daga makaranta, da shaidar cewa karatun da ake nema ya dace da wanda aka riga aka yi, sa'an nan kuɗi. A 2025 ma'aunin shi ne yuro 615 a wata, wato sama da jika 403, kusan miliyon 4 da jika 840 a shekara. A gwada wannan da mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 a 2024: abin da ake nema ga ɗalibi guda a wata ya kusa ninka shi sau goma. Duk da haka wanda ya san tsadar haya a Paris ya san yuro 615 ba su kai yaro ƙarshen wata. Ga kuma kuɗin makaranta. A 2019 gwamnati ta ƙayyade wa ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara ga lisans, 3,770 ga mastar, ninki goma sha wani abu na abin da ɗan ƙasa ke biya. Jami'o'i da yawa sun yi amfani da ikon da aka ba su suka yafe ƙarin, wasu ba su yafe ba, saboda haka tambayar farko da ya kamata uba ya yi ke nan kafin ya sayar da fili.

Ɗalibi na da ikon yin aiki awa 964 a shekara, kimanin awa 20 a mako. Wannan taimako ne, amma tarko ne kuma. Sabunta karti na tafiya da sakamakon jarrabawa, prefe na da ikon ƙin sabuntawa in ya ga karatun ba na gaske ba ne. Yaron da gida ya daina aika wa kuɗi, ya koma gadin kanti da dare yana barci a aji, ya maimaita shekara sau biyu ko ya riƙa sauya fanni, ƙarshensa takardar umarnin barin ƙasa. Wanda ya kammala mastar kuwa yana iya neman ƙarin lokaci domin neman aiki ko kafa sana'a da ta dace da karatunsa.

Ƙofar aiki ta fi kowace ƙunci. Ba ma'aikaci ke neman izini ba, mai ɗaukarsa ne. Sai kamfani ya tallata gurbin na mako uku a hukumar samar da aikin yi, ya nuna bai sami wanda ya dace a cikin ƙasa ba, sai fa in sana'ar na cikin jerin waɗanda aka amince ana ƙarancin masu yin su. Bayan haka ya biya haraji na musamman saboda ɗaukar baƙo. Kamfani ba ya shan wannan wahala sai don gwani. Duk ɗan kamashon da ya ce yana sayar da kontra na aiki a Faransa a kan miliyon kaza, takarda ce kawai yake sayarwa. Dokar Faransa ta tanadi ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 75,000 ga mai ƙirƙira ko amfani da jabun takardar hukuma, kuma zanen yatsun mai neman biza na zama shekara biyar cikin kundin da dukan ƙasashen Shengen ke dubawa. Wanda Faransa ta kama da ƙarya, Beljik da Jamus sun gani.

Ga ɗan kasuwa akwai hanya biyu. Ta farko ita ce kartin mai sana'ar kansa, inda zai nuna kasuwancin da zai kafa mai ɗorewa ne kuma zai ba shi aƙalla mafi ƙarancin albashin Faransa, wanda a 2025 ya haura yuro 1,400 a hannu kowane wata, wajen jika 920. Ta biyu ita ce kartin gwanaye da dokar 7 ga Maris 2016 ta kawo, mai kai shekara huɗu, wanda ke ba mutum damar zuwa da iyalinsa kai tsaye. Mai kafa kamfani zai zuba aƙalla yuro 30,000, kusan miliyon 20 na sefa, ya kuma nuna digirin mastar ko gogewar shekara biyar a matsayi makamancinsa. Babban mai zuba jari kuwa yuro 300,000 ake nema gare shi, kusan miliyon 197, tare da alkawarin samar da ayyukan yi ko kare waɗanda ke akwai. Sayen gida a Faransa, komai tsadarsa, ba ya ba da izinin zama. Mai gida a Paris da ba shi da karti, kwana 90 ne rabonsa kamar kowa.

Saura kartin mai ziyara, wanda ya dace da dattijon da ke son ya zauna shekara wajen ƴaƴansa. Sharaɗinsa shi ne mutum ya nuna kuɗin shiga daidai da mafi ƙarancin albashin nan na tsawon shekara, da asirans na lafiya, ya kuma rubuta da hannunsa cewa ba zai yi aikin kowa ba. Batun jinya kuma a fahimce shi da kyau. Mai zuwa asibiti daga waje bizarsa gajera ce, sai ya nuna yardar asibitin da shaidar biyan kuɗin magani. Kartin marar lafiya da ake jin labarinsa an yi shi ne domin wanda ya riga ya zauna a Faransa, wanda likitocin hukumar baƙi ta OFII suka tabbatar ba zai sami magani a ƙasarsa ba.

Iyali a ma'aunin mita

Babu inda dokar Faransa da rayuwar gidan Bahaushe suka yi karo kamar wajen kawo iyali. Tun 1976 aka tsara wannan haƙƙi, kuma a 1978 babbar kotun harakokin mulki ta tabbatar cewa baƙo ma yana da ikon zaman iyali irin na kowa. To amma ikon na da ma'auni. Magidanci sai ya cika wata 18 yana zaune da takarda. Sai ya nuna albashi tsayayye na wata 12 da suka wuce, wanda bai gaza mafi ƙarancin albashi ba ga gida mai mutum biyu ko uku, da ƙarin kashi 10 cikin 100 ga mutum huɗu ko biyar, kashi 20 ga shida zuwa sama. Kuɗin tallafin yara da gwamnati ke bayarwa ba ya shiga lissafi. Sa'an nan a auna gida: murabba'in mita 22 ga mata da miji a yankunan da haya ta fi tsada, kamar Paris, 24 ko 28 a sauran wurare, da ƙarin mita 10 ga kowane mutum har zuwa takwas. Mai mata guda da ƴaƴa huɗu a Paris sai ya nuna gida mai mita 62 tun iyalin ba su taso ba. Magajin gari ke bincike, prefe na da wata shida kafin ya yanke.

Iyali a idon wannan doka su ne mata guda wadda ta kai shekara 18, da ƴaƴan da ba su kai 18 ba. Uwa ba ta ciki, ƙane ba ya ciki. Ɗan riƙo, wanda a Maraɗi ko Tawa ba mai bambanta shi da ɗan ciki, ba ya ciki in babu hukuncin kotu da ya maida shi ɗa. Babban yaron da ya cika 18 kafin uban ya kai dosiye ya fita, sai ya nemi tasa ƙofar.

Maganar mace fiye da ɗaya kuwa dokar Paskwa ta 24 ga Agusta 1993 ta yanke ta. Mai zaune da mata guda a Faransa ba zai kawo ta biyu ba, ƴaƴan ta biyun ma ba su zuwa sai in uwarsu ta rasu ko kotu ta karɓe mata ikon riƙonsu. Dokar ta hana kartin shekara 10 ga mai zaune da mata biyu a ƙasar, abin da ya jefa gidaje da yawa na ƴan Mali da Senegal, waɗanda suka shigo bisa ƙa'ida kafin 1993, cikin tilas na raba gida ko saki domin a sabunta musu takarda. Wata dokar ta 24 ga Agusta 2021 ta faɗaɗa hanin zuwa kowace irin takardar zama. A lura, abin da aka hana shi ne zama da mata biyu a cikin Faransa. Amma tsarin ya bar wa magidanci zaɓin da ba shi da daɗin faɗi a tsakar gida: wace ce za ta tafi, ƴaƴan wane ɗaki za su yi karatu a can.

Auren Bafaranshe ko Bafaranshiya na buɗe ƙofa, ba a hana biza sai an sami zamba ko barazana ga tsaro. Kartin shekara 10 na zuwa bayan shekara uku da aure, neman zama ɗan ƙasa bayan huɗu, in har ana tare. Auren takarda kuwa ɗaurin shekara 5 ne da tarar yuro 15,000. Haihuwa a Faransa ma ba ta maida jariri ɗan ƙasa nan take in iyayensa duka baƙi ne. Sai ya girma a can ya cika shekara biyar na zama, ya samu yana da 18, ko a nema masa tun yana da 13.

Akwai wani dutse da dosiyen iyali ke yawan tuntuɓe da shi, wato takardar haihuwa. Mutane da yawa a Nijar ba a rubuta haihuwarsu a kan lokaci ba, sai daga baya alƙali ya yanke musu takarda bisa shaidu, wasu ma an rubuta an haife su "wajajen" shekara kaza. Ga sunan da aka rubuta iri uku a takardu uku, yau Mahamadu, gobe Mamman, jibi Muhammad. Konsila na da ikon bincika asalin kowace takarda, binciken na cin watanni, kuma saɓani kaɗan ya isa a ce ba a tabbatar da dangantaka ba. Gyaran nan a kotun gida ake yin sa, kafin a kai dosiye. In an hana doguwar biza, akwai kwamitin ɗaukaka ƙara a birnin Nant, wanda tun 2023 kwana 30 kawai ake da shi a rubuta masa, daga nan sai kotun harakokin mulki ta wannan birni.

Harshe ya zama shinge

Wanda ya shiga bisa ƙa'ida, tsani ne a gabansa: kartin shekara guda, sai mai kai shekara huɗu, sai na shekara 10. Ga yawancin baƙi na ƙarshen sai bayan zaman shekara biyar. Yarjejeniyar 1994 ta tanadar wa ɗan Nijar damar nema bayan shekara uku, kamar yadda aka yi wa ƴan Mali da Benin da Burkina Faso da wasu maƙwabta. Damar nema ce dai, prefe ke da ta cewa.

Dokar 26 ga Janairu 2024 ta ƙara wa tsanin tsawo. Majalisa ta so ta tilasta wa ɗalibai ajiye kuɗin jingina na komawa gida, ta kuma tsaurara kawo iyali, amma kotun tsarin mulki ta soke sassa 35 cikin 86, gaba ɗaya ko wani ɓangare. Akasarinsu saboda hanyar da aka cusa su cikin dokar aka soke su, ba don abin da suka ƙunsa ba, ke nan wata majalisa na iya dawo da su. Cikin abin da ya tsira akwai sharaɗin harshe. Daga 1 ga Janairu 2026, yawancin masu neman kartin shekaru da yawa sai sun ci jarrabawar Faransanci a matakin A2, masu neman na shekara 10 a matakin B1, masu neman zama ƴan ƙasa a matakin B2, tare da wata jarrabawa kan tarihi da tsarin mulkin Faransa, tambaya 40 da ake son a ci 32. Ga wanda ya fito daga lise wannan ba komai ba ne. Ga malamin da ya sauke Alƙur'ani yana rubuta wasiƙunsa da ajami, ko matar da ba ta taɓa shiga aji ba, babban shinge ne, domin jarrabawar har da rubutu. Abin lura, wannan ya zo ne bayan Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a watan Maris na 2025, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki.

Waɗanda suka wuce wa'adi

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, to amma akwai raɓar da rana ta fito ba ta bushe ba. Ranar 23 ga Agusta 1996 ƴan sanda suka fasa ƙofar majami'ar San Barnar da ke Paris da gatari, suka fitar da ƴan Afirka wajen 300, galibinsu ƴan Mali da Senegal, waɗanda suka fake ciki suna neman takardu. Da yawansu ba ta ɓarauniyar hanya suka shigo ba, sauyin doka ne ya bar su a tsakiya. Shekara guda bayan haka gwamnatin Jospan ta buɗe gyaran takardu, kimanin mutum 80,000 suka samu. Labarin wannan gyara, da na 1981 wanda ya amfani wajen 130,000, shi ke sa wasu har yanzu suna cewa a shiga kawai, in an daɗe za a samu.

Zamanin gyaran jama'a da yawa a lokaci guda ya wuce. Abin da ya rage shi ne duba dosiye ɗaya bayan ɗaya bisa ganin damar prefe. Umarnin 2012 ya sa ma'aunin zaman shekara biyar ga yawancin masu nema, na 23 ga Janairu 2025 ya maye gurbinsa ya kai shi bakwai. Dokar 2024 ta buɗe ƴar hanya ga mai aiki a sana'ar da ake ƙarancin hannu, in ya yi shekara uku a ƙasar da aikin wata 12 cikin 24 na baya, ta kuma sa wa hanyar wa'adi zuwa 31 ga Disamba 2026. Kafin nan mutum na rayuwa ba hayar gida da sunansa, ba albashi a rubuce, ba zuwa gida ko da uwa ta rasu, domin in ya fita ba ya dawowa. In aka kama shi, takardar umarnin barin ƙasa kan ba shi kwana 30, ana iya haɗa ta da hanin dawowa da ya shafi dukan ƙasashen Shengen, ana kuma iya tsare shi har kwana 90 kafin a sa shi jirgi.

Shi ma wanda ya kai ga kartin shekara 10 bai gama lissafi ba. In ya dawo gida ya yi shekara uku a jere bai koma ba, kartin ya mutu, sai fa in ya nemi ƙarin lokaci tun da wuri. Domin tsofaffin ma'aikata da ke son ƙarasa kwanakinsu a garinsu, dokar 1998 ta ƙirƙiro kartin mai ritaya: wanda ya taɓa riƙe kartin shekara 10 kuma yana karɓar kuɗin ritaya daga asusun Faransa, yana iya maida gidansa Maraɗi ko Birnin Ƙonni, ya riƙa shiga Faransa ba tare da biza ba, kowace tafiya kada ta wuce shekara guda. Kartin na shekara 10 ne, ana sabunta shi, amma ba ya ba da izinin aiki, kuma ba a kawo iyali da shi.